Babi na Shida: Belin Taimin, Mai Tsinkewa Ba Sallama

Mafi yawan tsofaffin kanikawan Arewa a kan Peugeot 504 suka goge hannunsu. Tun da kamfanin PAN ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, wannan mota ta cika ma'aikatun gwamnati da tashoshin mota da gidajen masu hali, har ta kai ga yaron gareji na iya kwance injinta ya mayar ba tare da ogansa ya leƙo ba. A cikin injin fetur na 504, abin da ke haɗa ƙasan inji da sandar da ke sarrafa bawul sarƙa ce ta ƙarfe, tana wanka cikin baƙin mai. Sarƙa kuwa idan ta tsufa ba ta ɓoye wa kowa. Za ta saki, ta fara kacau-kacau da sassafe, ta yi watanni tana wannan ƙara kafin ta yi wata ɓarna. Bakanike ya kasa kunne, ya ce, "Alhaji, sarƙar nan ta gaji," a canza, a wuce wurin.

Daga nan muka gaji wata ɗabi'a da ta yi mana amfani shekara da shekaru: mota ita ke faɗin abin da ke damunta, ba a taɓa abin da bai yi kuka ba. Kunnen gogaggen bakanike ilimi ne na gaske, kuma ba na raina shi ko kaɗan. Amma da motocin Kwatano suka fara kwararowa, su Golf da Honda Accord da Toyota Camry, sannan ita kanta PAN ta koma haɗa 406, sai muka shiga zamanin injinan da babu sarƙa a cikinsu. A gurbinta akwai bel na roba mai haƙora, faɗinsa kamar yatsu biyu, a ɓoye bayan murfin roba a gefen inji. Shi wannan ba ya kacau-kacau. Yau yana aiki lafiya lau, gobe a tsakiyar hanyar Zariya ya tsinke. Mun canza mota, ba mu canza ɗabi'a ba, kuma injina da yawa sun tafi a kan haka.

Da farko a raba shi da fanbel, domin mutane da dama na haɗa su. Fanbel shi ne wanda kake gani da zarar ka ɗaga bonet, mai juya altaneta da famfon sitiyari da na'urar sanyaya mota. Idan ya saki yana ƙara, idan ya tsinke fitilar batir ta kama, ka samu gefen hanya ka tsaya. Belin taimin ba a ganinsa sai an kwance murfi, aikinsa kuma daban ne.

Injin mota yana aiki ne a kan tsarin bugu huɗu, wanda Bajamushe Nikolaus Otto ya tabbatar a 1876. Fistin ya sauka ya zuƙo iska da mai, ya hau ya matse su, wuta ta tashi ta tunkuɗa shi ƙasa da ƙarfi, ya sake hawa ya kori hayaƙi. A saman kowace silinda akwai bawul, wasu na shigar da iska, wasu na fitar da hayaƙi, kuma dole kowanne ya buɗe ya rufe a daidai lokacinsa. Fistin yana haɗe da kirankshaf a ƙasa, bawul kuma kamshaf ne ke danna su. Aikin belin taimin shi ne ya riƙe waɗannan sanduna biyu a kan ƙida ɗaya: duk juyi biyu na kirankshaf, kamshaf ya yi juyi ɗaya, ba ƙari ba ragi. Shi ya sa yake da haƙora, don kada ya zame ko da taki guda.

Wanda ya taɓa ganin mata biyu suna lugude a turmi ɗaya ya riga ya fahimci lamarin. Taɓarya biyu ce, rami ɗaya, amma ba sa karo, domin wannan na sauka waccan na tashi. Da zarar ɗaya ta kuskure ƙida, sai ka ji ƙwas. Haka fistin da bawul suke a yawancin injinan zamani: gurbin da bawul ke leƙowa idan ya buɗe, shi ne gurbin da kan fistin ke isa idan ya kai ƙololuwa. Lokaci kaɗai ne ke raba su. Kuma a duba saurin abin. Motar da ke tafiya injinta na juyi 3,000 a minti, kowane bawul yana buɗewa ya rufe sau 1,500 a mintin nan, wato sau 25 a cikin daƙiƙa ɗaya.

Asalin bel mai haƙora ba a mota ya fara ba. A Amurka aka ƙirƙiro shi a shekarun 1940 domin keken ɗinki, inda ake buƙatar allura da ƙoshiya su riƙa haɗuwa a kan lokaci. Wani ƙaramin kamfanin Jamus mai suna Glas ne ya fara sa shi a motar kasuwa a farkon shekarun 1960, a ƙirarsa ta 1004, kafin BMW ta saye kamfanin a 1966. A wannan shekarar Fiat a Italiya da Pontiac a Amurka suka fito da nasu injinan masu bel. Masu ƙera mota sun so shi don ba shi da nauyi, ba shi da ƙara, ba ya buƙatar mai, kuma ya fi sarƙa sauƙin kuɗi. Sharaɗi ɗaya suka gindaya, kuma sun rubuta shi a littafin kowace mota: a cire shi a sa sabo idan wa'adinsa ya cika, ko da ido na ganin lafiyarsa ƙalau. Matsalarmu ita ce motar takan iso mana bayan ta bi hannu uku ko huɗu, littafin ya daɗe da ɓata.

Abin da ke biyo bayan tsinkewar bel ya danganta da irin injin. Akwai injinan da aka bar wa fistin da bawul isasshen fili, ko ƙidar ta ɓace ba za su taɓa juna ba. Camry mai inji 2.2, wadda aka yi har zuwa 2001, tana cikin wannan rukuni, haka ma tsofaffin Corolla masu inji 4A-FE da 7A-FE. Idan belinsu ya tsinke mota za ta mutu kawai, a jawo ta gareji, a daidaita alama, a sa sabo, a tayar. Ina ganin waɗannan motoci sun taimaka wajen sa mutane sakaci, domin direban da ya taɓa tsinke bel a Camry ya tashi lafiya, zai ɗauka kowace mota haka take.

Ba haka ba ne. Honda Accord mai silinda huɗu ta kafin 2003, da duk Accord mai V6, da Peugeot 406, da kusan kowane injin dizal, babu wannan fili a cikinsu. Da bel ya tsinke kamshaf zai tsaya cak, wasu bawul suna buɗe. Kirankshaf kuwa ba zai tsaya nan take ba, nauyin fulawil da gudun mota na ci gaba da juya shi, sai fistin ya hau ya daki bawul ɗin da ke rataye. Kafin direba ya ankara an gama. Mafi sauƙin ɓarna ita ce bawul su lanƙwashe. Idan ana cikin gudu, kan bawul na iya karyewa ya faɗa cikin silinda, ya fasa fistin, ya ƙwarzane bango, ya lalata tof silinda. Aikin da zai ci kuɗin bel da ladan yini guda sai ya koma na sauke kan inji, ko na neman wani injin gaba ɗaya.

Saboda haka tambayar farko da ya kamata mai mota ya san amsarta ita ce: tawa bel ce ko sarƙa? Sunan mota kaɗai ba ya wadatarwa. Accord ta 2003 mai silinda huɗu sarƙa ce, amma 'yar'uwarta mai V6 ta wannan shekarar bel ce. Camry mai silinda huɗu ta koma sarƙa daga 2002. Sienna, wadda ta zama motar haya a manyan hanyoyinmu, bel take amfani da shi har zuwa ƙirar 2006, daga 2007 aka sa mata injin mai sarƙa. Hiace ta fetur mai inji 2TR sarƙa ce, ta dizal mai 5L bel ce. Kuma tunda a wurinmu sauya wa mota inji ba baƙon abu ba ne, lambar da ke jikin injin ya kamata a duba, ba takardar mota ba.

Sai wa'adi. Kamfanoni sun bambanta, amma galibi yana tsakanin kilomita 60,000 zuwa 160,000, tare da iyakar shekaru, duk wanda ya riga cika. Toyota ta sa mil 90,000 ga injinta na V6 da ke cikin tsofaffin Sienna da Highlander da Lexus RX300. Honda ta sa kimanin mil 105,000 ko shekara 7 ga nata V6. A lura da kalmar mil: motar da ta fito daga Amurka da mil take ƙirga tafiya, mil 90,000 kuwa ya kai kusan kilomita 145,000. Amma akwai wani layi a littafin Honda da ya fi shafarmu. Ya ce wanda ke yawan tuƙi a wurin da zafi ke wuce digiri 43, ya canza bel a mil 60,000. Duk wanda ya yi watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai ya san wannan zafi ba labari ba ne a wurinsa. Ra'ayina shi ne duk mai mota a yankinmu ya ɗauki gajeren wa'adi a matsayin nasa.

Iyakar shekarun nan ma ana yawan mantawa da ita. Za ka ji dattijo na cewa, "Ai motar nan ba ta zuwa ko'ina, daga gida sai masallaci sai kasuwa." Roba tana tsufa ko an yi tafiya ko ba a yi ba. A gefe guda kuma ga ɗan tasi da ke yini cikin cunkoson Kano, inji na juyi, bel na aiki, amma mita ba ta ƙaruwa da komai. Su biyun duka mita na yaudararsu. Ita kanta mitar motar Kwatano ba abar rantsuwa ba ce, kowa ya san ana mayar da ita baya kafin a kai mota kasuwa. Wanda ya sayi mota mai bel, babu wata shaida a rubuce ta ranar da aka canza shi, ya ɗauka ba a taɓa canzawa ba, ya sa kuɗin aikin cikin kuɗin sayen motar tun daga farko.

Kada a dogara da duba shi da ido. Gaskiya ne idan an buɗe murfi aka ga bayansa ya tsattsage, ko ya yi sheƙi, ko gefensa ya fara zare, to ya gama. Amma ƙarfin bel ba a robar yake ba, yana cikin zaruruwan gilashi da aka jera a cikinsa, waɗanda ido ba ya gani. Sau da yawa ma ba tsinkewa yake yi ba, haƙora ne ke zubewa a jere a daidai ƙaramin giyan kirankshaf, giya ya yi ta juyi a banza, bel na tsaye kamar ba abin da ya same shi.

Akwai kuma abubuwan da ke kashe bel tun kafin wa'adinsa, kuma yawancinsu daga hannunmu suke. Na farko baƙin mai. A bayan giyan kamshaf da na kirankshaf akwai zoben roba da ke tare mai, wanda kanikawa ke kira oyil sil. Idan ya tsufa ya fara yoyo, man zai jiƙa bel, robar ta kumbura ta yi laushi. Duk wanda ya ga danshin mai a ƙasan murfin taimin kada ya jira. Na biyu famfon ruwa. A injina da yawa belin taimin ne ke juya shi. Mu kuwa mun saba ɗura wa lagireto ruwan rijiya ko na leda maimakon ruwan sanyaya inji mai maganin tsatsa, sai famfon ya yi tsatsa, boris ɗinsa ya lalace, wata rana ya cije, ya kwashe haƙoran bel ko da sabo ne. Na uku shi ya fi ɓata mini rai, domin babu dalilinsa: murfi. Yaro ya gama aiki, ƙusoshin murfi sun yi masa wuyar ɗaurawa, sai a jefa shi bayan but a ce ba ya hana mota tafiya. Wani ma cewa zai yi gara a bar shi a buɗe don bel ya sha iska. Mota ta fita da bel tsirara cikin ƙurar hunturu da tsakuwar hanyar ƙauye, alhali ƙwayar tsakuwa ɗaya ta isa ta shiga tsakanin bel da giya ta huda shi.

Idan an zo canji, kada a canza bel shi kaɗai. Yana bi ne ta kan wasu ƙananan gargare masu boris, ɗaya daga ciki shi ne ajasta mai ɗaure shi. Tare aka sa su a masana'anta, tare suka tsufa. Wahalar aikin duka tana wajen isa wurin: a cire taya, a cire fanbel, a kwance babban fulin kirankshaf, a wasu motocin a tallafe inji a cire mazauninsa. Tunda an riga an sha wannan wahala, a sa sabon ajasta, sabbin gargare, sabon famfon ruwa idan bel ne ke juya shi, da oyil sil idan ya nuna alamar yoyo. Tsohuwar Accord mai silinda huɗu tana da wani ƙaramin bel na biyu a wurin, wanda idan ya tsinke yakan faɗa cikin babban ya sarƙe shi, shi ma a canza. Na san nauyin aljihu, na san mai mota zai ce, "Malam, a dai sa belin tukuna, sauran sai wata ya yi." Bakanike na ƙwarai zai gaya masa gaskiya, cewa tsohon ajasta na iya cinye sabon bel cikin 'yan watanni, a sake biyan ladan aiki, wataƙila har da na bawul.

Wajen saye ma akwai tarko. A Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, akwai mai kyau akwai jabu, wani lokaci a kwali iri ɗaya. Sunayen da aka sani a duniya su ne irin su Gates da Continental da Dayco da Mitsuboshi da Bando, kuma saboda an san su ne ake kwaikwayonsu. Ka je wurin ɗan kasuwar da kake da amana da shi, ka ba shi lambar inji, ka gwada sabon da tsohon, tsawo da faɗi da yawan haƙora da siffarsu, domin akwai masu zagayayyen haƙori akwai masu kusurwa, kuma ba sa maye gurbin juna. Abu biyu kada ka yarda da su. Kada ka sayi belin da aka ciro daga wani inji, komai kyansa. Na san kayan Beljiyam sun fi sababbin jabu a abubuwa da yawa, amma ban da wannan, domin babu wanda ya san shekarunsa. Sannan kada ka bari mai shago ya naɗe bel ya lanƙwasa shi da ƙarfi don ya nuna maka ingancinsa. Wannan lanƙwasar tana karya zaruruwan ciki, ka biya kuɗin abin da aka kashe a gabanka.

Shi aikin kansa na natsuwa ne. Kafin a cire tsohon bel ana juya inji har fistin na ɗaya ya kai ƙololuwa, alamomin da masana'anta ta yi a giyan kirankshaf da na kamshaf su tsaya daidai da na jikin inji. Injinan Peugeot da dama ba alama kaɗai ake bi ba, akwai ramukan da ake cusa ƙarfe a kulle sandunan don kada su motsa. Idan bel na da kibiya, a bi inda ta nuna. Ɗauri kuma a yi shi daidai: idan ya yi yawa za a ji bel na kuka kamar iska, yana cin boris, idan ya yi sako-sako yana iya tsallake haƙori. Kada a raina haƙori ɗaya. A giyan kamshaf mai haƙora 40, kuskuren guda ɗaya daidai yake da digiri 18 na juyin kirankshaf, mota za ta tashi amma ba ƙarfi, tana shan mai, tana rawa a tsaye. Mataki na ƙarshe shi ne wanda masu gaggawa ke tsallakewa: a sa sifana a juya inji da hannu zagaye biyu cikakku, a hankali, a ga ko wani abu ya tokare, a sake duba alamomin. Sai bayan haka a murɗa makulli. Mai mota yana da haƙƙin ya tsaya ya ga an yi wannan, ya kuma karɓi tsofaffin kayan da aka cire.

Daga nan a rubuta. A samu takarda mai manne ko fenti a rubuta kwanan wata da lambar mita a jikin murfin taimin ko a ƙarƙashin bonet. Minti ɗaya ne, amma shi ne zai gaya wa mai motar bayan shekara biyar, ko wanda zai saya a hannunsa, inda aka kwana. Hilux da Land Cruiser na dizal, irin waɗanda ke ratsa hanyar Agadas, suna da fitila a dashbod mai rubutun T-BELT da ke kamawa a kilomita 100,000 ko 150,000, gwargwadon injin. Fitilar ba ta ganin bel, ƙirga tafiya kawai take yi, don haka wanda ya sa aka kashe ta ba tare da canji ba bai gyara komai ba.

Sababbin motoci ma ba su rabu da batun ba. Wasu ƙananan injina, kamar 1.0 EcoBoost na Ford da 1.2 PureTech na Peugeot, an yi su da bel mai gudu a cikin baƙin mai. An samu matsala da su a Turai: bel na marmashewa, ɓarɓashinsa ya toshe rariyar famfon mai, inji ya rasa mai alhali ma'auni na nuna a cike yake. Irin waɗannan ba sa yafe man da ba nasu ba, kuma tunda abin da Turai ta gama hawa yakan biyo jirgin ruwa zuwa Kwatano, yana da kyau kanikawanmu su san da su tun yanzu.

Idan kuma ƙaddara ta riga fata, bel ya tsinke ana cikin tafiya, ga yadda abin yake. Inji zai mutu ba gargaɗi, fitilun dashbod su kama. Sitiyari zai yi nauyi, burki kuma bayan taki ɗaya ko biyu zai yi tauri, amma dukansu suna aiki, ƙarfi kawai za a ƙara. A kunna fitilar haɗari a gangara gefe. Idan aka gwada tayarwa aka ji kik na juyi da sauri fiye da yadda aka saba, da wani sauti mara nauyi, alama ce babu matsi a cikin silinda. A tsaya nan. Kada a yi ta murɗa makulli, kada a kira samari su tura, domin kowane juyi na iya ƙara lanƙwasa bawul ɗin da ya tsira.

A gareji kuma kada a yi saurin yanke hukuncin sayen inji. A fara tantance irin injin. Idan mai fili ne, sabon bel ya wadatar. Idan mai karo ne, a daidaita alamomi a sa bel, a juya da hannu, a auna matsin kowace silinda da ma'auni. Wadda ta nuna ƙasa sosai, bawul ɗinta ya lanƙwashe. Sau da yawa, musamman idan abin ya faru a ƙaramin gudu ko wajen tayarwa, sauke tof silinda a canza bawul ɗin da suka lalace, a wasa mazauninsu, a sa sabon gasket, ya isa ya dawo da injin da ka san tarihinsa. Idan kuwa fistin ya fashe ko bangon silinda ya ƙwarzanu har dole sai an sayi wani injin, to a canza masa bel da ajasta da famfon ruwa tun yana ƙasa, kafin a ɗora shi a mota.